Amsa: ƙwallona ya tsaya a kan hanyar siminti, wane gefe zan ajiye shi?

Ɗan'uwa, ka ce ƙwallonka ya tsaya a kan hanyar simintin da kekunan golf ke bi, hagu doguwar ciyawa, dama fili tas, kuma abokin wasanka ya hana ka komawa dama. In dai hagun ne ya fi kusa, gaskiyarsa.

Doka ta 16.1 a littafin R&A da USGA, hukumomin da ke tsara dokokin golf, ita ce ta yi magana a kan wannan. Hanyar siminti, kan famfon ban ruwa, murfin magudana, rumfar fakewa, duk abubuwa ne da hannu ya yi waɗanda ba sa ɗaguwa cikin sauƙi, don haka an yarda ka kauce musu ba tara. Amma sai abin ya taɓa ƙwallonka, ko ya hana ka tsayuwa, ko sandarka za ta doke shi wajen bugu. Don kawai ya tare maka hanya zuwa rami, babu sauƙi, sai dai in ƙwallon yana kan girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami.

Inda mutane ke rikicewa shi ne wurin komawa. Dokar ta ce wuri mafi kusa wanda ka rabu da matsalar gaba ɗaya, kuma bai fi kusa da rami ba. Ba ta ce wuri mafi daɗi ba. Wurin guda ɗaya ne, nemansa ake yi, ba a zaɓa. Ga yadda nake yi: in bar ƙwallon a inda yake, in ɗauki sandar da da ma zan buga da ita, in tsaya a gefe ɗaya har ƙafafuna biyu da kan sandar su sauka daga simintin, in soka tsinken ti, wanda ake ɗora ƙwallo a kai a bugun farko, a inda kan sandar ya taɓa ƙasa. In sake yi a ɗaya gefen. Sannan in auna. Mai bugu da dama zai ga sau da yawa gefen hagu ya fi kusa ko da ƙwallon na tsakiyar hanya, saboda in ya koma dama dole sai ya ƙara tazarar da ƙafafunsa za su samu wurin tsayuwa.

Daga tsinken nan kana da tsawon sanda ɗaya, kuma za ka iya aunawa da mafi tsawo a jakarka, ban da pota, sandar da ake gangara ƙwallo cikin rami da ita. Tun 2019 daga tsayin gwiwa ake sakin ƙwallo, ba daga kafaɗa ba. In ya gangara ya fita daga wurin, ka sake. In ya kuma fita, ka ajiye shi da hannu a inda ya fara taɓa ƙasa a saki na biyu. Kuma kada dunduniyarka ta rage a kan simintin ka buga. Ka buga daga wurin da ba daidai ba ke nan, tarar bugu 2 ce, ko ka rasa ramin in wasan rami-da-rami kuke.

Abin da na fi gani yana cutar mutane shi ne gaggawar ɗaukar ƙwallo. Mutum ya sunkuya ya ɗauka, sai daga baya ya ga wurin komawar ƙarƙashin bishiya ne. In ya ce ya fasa zai mayar, tarar bugu 1 ta hau kansa. Ba dole ba ne ka karɓi sauƙin. Ni sau tari in na ga haka, tsohuwar sanda nake zarowa in buga daga kan simintin, ƙarfen ya ɗan karce, shi ke nan.

Kada ka haɗa wannan da fararen turaku ko shingen iyakar fili. Waɗannan ba sauƙi a kansu. Haka in ƙwallonka na cikin yankin da aka kewaye da jajaye ko rawayen turaku, wato yankin tara kamar ruwa. A ramin yashi kuwa, sauƙin kyauta a cikin yashin yake. In kana son fita waje, sai da tarar bugu 1. Ka kuma duba bayan katin maki kafin ku fara, domin wasu kulob suna ayyana wata hanya ko katanga a matsayin ɓangaren filin, sai ka buga ƙwallon yadda ya kwanta.