A gaɓar tsakuwa, jadawalin ruwa ake fara dubawa kafin fatsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya: ka taso kana fatsa a kogi wajen Yawuri, yanzu kana Landan, ka je gaɓar teku ta Dungeness a yankin Kent, kudu maso gabashin Ingila, da sandar da ka saya, igiyar ruwa tana ta dawo maka da ƙugiya gaban ƙafarka, ka koma gida hannu rabbana. Kana tambaya ko sandar ce ba ta da kyau.

Wataƙila sandar tana da nata laifin, amma ba ita ce babbar matsala ba. Kogi hanya ɗaya yake bi, cikarsa da raguwarsa kuma sai an ɗauki watanni. Tekun nan kuwa sau biyu take cika sau biyu take janyewa a cikin awa 24 da minti 50, shi ya sa cikar gobe takan yi jinkirin kusan minti 50 a kan ta yau. A Dungeness, tsakanin cika da janyewa a ranakun babban ruwa ya kusa mita 7 a tsaye. Wurin da ka kafa kayanka da hantsi, kafin azahar ruwa ya shanye shi.

Mu da muke lissafi da wata muna da sauƙi a nan. Babban ruwa yana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata, da kuma bayan daren sha huɗu. Wajen bakwai ga wata da wajen ashirin da biyu, ruwan ƙarami ne, motsinsa ba ƙarfi. A gaɓar Kent da Sussex, cikar babban ruwa takan faɗo wajen tsakar rana da tsakar dare. Duk da haka ka duba jadawalin garin da za ka a intanet, don kowace gaɓa da nata lokacin. Kuma ruwan ba da gudu ɗaya yake hawa ba. Awar farko kamar ba ya motsi, a ta uku da ta huɗu yake yin rabin tafiyarsa gaba ɗaya, sannan ya sake lafawa. A waɗannan awoyi biyu na tsakiya ne dalmar da ke nutsar da ƙugiyarka take gangarawa gefe. A ra'ayina, sabon shiga ya fara da ƙaramin ruwa, ya iso awa uku kafin cika, ya tsaya har awa biyu bayanta. In hakan ya haɗu da faɗuwar rana, to ka dace, don kifi yana matsowa bakin gaɓa da duhu.

Sai kayan aiki. Sandar gaɓa mai ƙafa 12 zuwa 14 kake buƙata, da dalma mai nauyin giram 150 zuwa 170, irin mai ƙafafun waya da ke kama ƙasa. Zaren da ke kan na'urar naɗi ya zama mai ɗaukar laba 15 zuwa 18, amma a gaba dole ka ɗaura mai kauri, laba 60, tsawon sanda biyu ko fiye. Kar ka yi wasa da wannan. Siririn zare yana tsinkewa lokacin jifa, dalmar kuma ta tafi inda ta ga dama, alhali akwai mutane a gaɓar. Ka sayi maɗori mai ƙafa uku, ka ɗaga kan sandar sama sosai, yadda zaren zai tsallake wurin da igiya take fashewa. In zaren ya kwanta a nan, tsakuwa za ta binne shi ta goge shi har ya yanke.

Yadda ake jifan shi ne abin da ban ga an faɗa maka ba. Duba ta ina ruwa yake gudu. Ka taka kamar taku ashirin zuwa inda yake fitowa, ka jefa ta can, ka saki zare da yawa kafin ka rufe na'urar, sannan ka dawo wurin zamanka. Ruwan zai ja zaren ya yi baka, bakan nan shi ke danna ƙafafun dalmar cikin ƙasa. Kan sandar zai lanƙwasa ya tsaya. In ya miƙe farat ɗaya, zaren ya saki, kifi ne ya tumɓuke dalmar, ka naɗe da sauri har ka ji nauyinsa. Nisa kuwa, mutane suna wahalar da kansu a banza. Gaɓar tsakuwa tana da gangara, zurfi yana kusa, kifin da ake kira bas ma sau da yawa a bayan igiyar farko yake kiwo.

Abincin ƙugiya a kantin masunta na garin ake saye, kuma gara ka buga musu waya tun ana gobe su ajiye maka. Tanar teku da suke ce wa lug ita ce gaba, sai wata tanar da ake kira rag, sai yankan skwid (dabbar teku mai hannaye da yawa) ko na kifin makarel. Ka riƙa canzawa duk minti 15 zuwa 20, ƙaguwa tana cinye shi ba ka sani ba. Da rani ma ba ka buƙatar ko ɗaya: ƙugiyoyi masu gashin tsuntsu kawai, ka jefa ka riƙa ja, makarel zai hau. Shi ne titus ɗin da ake sayarwa daskararre a kasuwanninmu, sai dai wanda ya fito daga ruwa yau daɗinsa daban ne. Da kaka da hunturu kifin da ake kira waitin ne ya fi yawa. Kifin kod ɗin da ya yi wa Dungeness suna a da ya yi ƙaranci ƙwarai, kar ka sa rai da shi.

Ba a neman lasin don fatsa daga gaɓar teku a Ingila, na kogi da tafki ne ake biya. Amma akwai ƙa'idar tsawo: bas santimita 42, kod 35, waitin 27. Wanda bai kai ba ka mayar da shi da ransa. Bas yana da watannin da ba a ɗaukarsa da iyakar adadi a rana, dokar tana canzawa, ka duba shafin gwamnati kafin ka fita.

Na ga wani da ya amsa tambayarka ya ce ka tafi gaɓar Chesil. Wuri ne mai albarka, tudun tsakuwa ne mil 18 daga West Bay zuwa Portland a Dorset, kuma cikarsa ba ta kai ta Kent ba. Amma ni ba zan tura sabon shiga can shi kaɗai ba. Gangararsa tana da tsayi, in iskar kudu maso yamma ta taso, igiya takan hau ta dawo da ƙarfi tana jan tsakuwar da ke ƙarƙashin ƙafarka. Iya ninƙaya na ɗan bakin kogi ba ya aiki a ruwa mai wannan sanyi. Ka fara da Seaford, Eastbourne ko Deal, duka jirgin ƙasa yana zuwa.

Ko ina ka je, ka nemi layin ciyawa da tarkacen da cikar baya ta bari, ka ajiye kayanka sama da shi. Kar ka juya wa teku baya. In kifi ya iso bakin gaɓa kar ka gangara ɗaukarsa, ka jira igiya ta ɗago shi, ka ja da baya tare da ita ta ajiye maka shi a sama. Akwai wani ɗan ƙaramin kifi mai baƙar ƙaya a gadon baya, wiba, yana bin ƙugiyar makarel da rani. Kar ka kama shi da hannu, in ya soke ka ka tsoma wurin a ruwa mai zafin da za ka iya jurewa na rabin awa. Fitilar goshi, rigar sanyi fiye da yadda kake zato, kaya kaɗan don tafiya a tsakuwa tana karya gwiwa. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, 999 za ka kira ka ce a haɗa ka da masu tsaron gaɓa.

Ka turo hoton sandar da abin da aka rubuta kusa da mariƙinta, mu ga nauyin dalmar da za ta iya ɗauka kafin ka kashe kuɗi a wata.