Tambaya da Amsa: Gizo-gizon Katipo

Tambaya: Malam, a aji na ji an ambaci wani gizo-gizo mai suna katipo, shin a ina yake rayuwa, kuma yana da dafi? Daga wata ɗaliba a Samaru, Zariya.

Amsa: Malama, wannan ɗan gizo-gizo asalinsa ƙasar Niyu Zilan ne, kuma sunan daga harshen Mawori yake, wato mutanen asalin ƙasar, ma'anarsa mai harbi da dare. Macen baƙa ce, girman jikinta bai wuce ƙwayar wake ba, da jan layi a gadon bayanta. Namijin kuwa ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Ba irin tautau ɗin da kike sharewa a kusurwar ɗaki ba ne, domin shi a tudun yashin bakin teku yake saƙa, a gindin ciyawa ko ƙarƙashin itacen da ruwa ya turo. Dafi kam akwai, cizon macen yana jawo zafi mai tsanani da zufa, amma da wuya ta ciji mutum. A ganina shi ne abin tausayi, saboda lalacewar tuddan yashi da zuwan wani gizo-gizo daga Afirka ta Kudu sun rage yawansa, har doka ta ba shi cikakkiyar kariya a 2010.