Rumbu cike, amma talakawa na gudu daga birni a Stronghold 2

Kana tambaya me ya sa mutanenka ke watsewa a Stronghold 2, wasan kwamfuta na gina birni da mulkinsa, alhali rumbu cike yake da burodi da cuku. Amsar ita ce makin farin jininka a wurin talakawa ya faɗi ƙasa da 50, kuma da zarar ya sauka daga nan, mutane za su riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya komai yawan abinci. A wannan kashi na biyu, wanda Firefly Studios suka fitar a 2005, an ƙara abin da babu a na farko: kashi, wato bayan gida, da ɓeraye. Duba tsakanin bukkokin talakawa, za ka ga tulin kashi, ɓeraye na zirga-zirga a gefensa. Su ne ke cin makinka a ɓoye. Gina ramin kwasar kashi da gidan mai shaho, wanda ke kashe ɓeraye, kuma ka sa su dab da bukkoki, domin ma'aikacin da ƙafa yake tafiya. In ka kai su bayan ganuwa, rabin lokacinsa a hanya zai ƙare.

Sai dai akwai sharaɗi. Kowanne daga cikin gine-ginen nan sai an samu mutum marar aiki a bakin wutar da ke gaban fada kafin ya fara aiki, kuma in mutane sun riga sun gudu, ginin zai tsaya fanko. Don haka ka fara dakatar da haraji, ka ninka rabon abinci, har makin ya haura 50, sannan ka mayar da harajin sannu a hankali.