Hukuncin Admin Da Ya Maƙala Tambayoyin Jarrabawa A Guruf Ɗin Aji

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a wata makarantar kiwon lafiya a nan Sakkwato, kuma ni ne shugaban ajinmu. Muna da guruf na WhatsApp da muke tura takardun darasi da jadawalin lakca. Daren da za mu rubuta jarrabawar ilimin magunguna, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, wani ya turo hoton wata takarda. Sai da na buɗe na ga ashe tambayoyin gobe ne. Ni ban nema ba, ban biya ko sisi ba. Da na ga wasu sun gani wasu sun yi barci, sai na maƙala saƙon a saman guruf don kada a zalunci kowa, tunda ni ne admin. Na karanta, sun fito, na ci. Wani abokina ya ce babu komai, wai hadisin algus a kan ciniki yake, wannan kuwa karatun boko ne. Ina da laifi? Kuma sakamakon ya halatta gare ni?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka ɗana, ya ƙara maka wannan damuwa da zuciyarka ta yi, domin alheri ce.

Buɗe guruf don karatu halal ne, babu saɓani. Buɗe hoton da ba ka san abin da ke ciki ba shi ma babu laifi a kanka. Da a nan maganar ta tsaya da na ce je ka abinka. Amma akwai jumla ɗaya da ka faɗa ka wuce da sauri, ita ce ta juya hukuncin: ka maƙala saƙon a sama saboda kai ne admin. Wanda ya turo ya jefa shi cikin ɗaruruwan saƙonni, mai yiwuwa kafin Asuba hirar dare ta binne shi. Kai ka ɗauko shi ka ajiye inda duk wanda ya farka zai fara cin karo da shi. Daga nan ka tashi daga wanda ya gani ka koma mai rabawa, ka shiga ƙarƙashin faɗin Allah cikin Ma'ida cewa kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Ga shi kuma maɓallin gogewa yana hannunka, wanda sauran 'yan ajin ba su da shi. Hana mummunan aiki da hannu yana hawa kan mai iko, kuma a wannan guruf kai ne mai ikon.

Na fahimci niyyarka, adalci ka nufa. Sai dai adalci ana yin sa ne wajen rabon abin da ya halatta. Kuma ka tuna da wadda ta kashe datarta tun bayan Isha'i ta kwana a kan littafi, ko wanda ya ga saƙon ya ƙi karantawa don tsoron Allah. Waɗannan su aka zalunta, maƙalawarka kuwa ta ƙara yawan masu tsallake su ne.

To, sai maganar abokinka, wadda ta fi damuna, domin ba shi kaɗai ke faɗar ta ba, har da masu ganin kansu ɗaliban ilimi. Gaskiya ne sababin hadisin ciniki ne: Annabi (SAW) ya wuce wani tsibin abinci, ya sa hannu ya ji danshi a ciki, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce don me ba ka sa shi a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Amma lafazin bai ce wanda ya yi algus a kasuwa ba. Ya bar shi a sake, kuma ƙa'idar malaman usulu sananniya ce, ana lura da gamewar lafazi ne, ba keɓantar sababi ba. Ko da ma za mu bi abokin naka mu tsaya a kan ciniki, ai takardar shaidar karatu ita ce hajar da za ka kai kasuwar aiki. Mai ɗaukar ma'aikaci yana ganin maki a sama, bai san akwai danshi a ƙasa ba. Wace sura ce ta fi wannan kama da ta mai tsibin abincin?

Batun cewa boko ne kuwa ya fi rauni. Haramcin yaudara bai taɓa rataya da irin ilimin ba, kamar yadda ƙarya ba ta halatta don an yi ta da Turanci. Sannan wa ya ce ilimin magunguna ba ruwansa da addini? Farali ne na kifaya, idan babu masu yin sa duk al'umma ta yi laifi. A wannan gari Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tare da nauyin mulki da ke kansa, ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan likitanci da magani. Wanda ya tashi a Sakkwato bai kamata ya ruɗu da wannan magana ba.

Dubi kwas ɗin da aka saci tambayoyinsa ma. Yaro mai kilo 12 aka kawo da zazzaɓi, ana ba da Paracetamol miligiram 15 a kowane kilo, ya zama 180. Maganin ruwan da ke hannunka miligiram 120 ne a cikin mililita 5, saboda haka mililita bakwai da rabi za ka auna. Wanda ya haddace amsar daren jiya bai koyi wannan lissafi ba, ranar da nauyin yaron ya canza ko ƙarfin maganin ya canza zai tsaya yana zare ido, ko ya kuskure gurbin ɗigon lissafi ya ninka adadin sau goma. Uwar da ke riƙe da yaron ba ta san da guruf ɗinku ba. Wasu kuma sukan ce ai kowa yana yi, ko malamai ne ke kayar da ɗalibai da gangan. Yawan masu yi ba ya halatta haram, zaluncin malami kuwa akwai hanyar ƙara a kansa.

Game da sakamakonka, abin da na rinjayar shi ne ka tuba tuba ta gaskiya, kuma ba dole ba ne ka je ka tona kanka ko ka jera sunayen abokanka. Amma akwai bashin ilimi a wuyanka: ka koma wa kwas ɗin daga farko, babi-babi, ka nemi wanda ya iya ya yi maka tambayoyi har ka tabbata da an sake jarrabawar za ka ci da kanka. Idan ka yi haka, kuma ka iya aikin da aka ɗauke ka domin sa, albashinka nan gaba halal ne insha Allahu. Sannan ka sanar da wani malami amintacce cewa tambayoyi suna fita, ko da ba ka ambaci kowa ba, domin a toshe ɓarakar.

A guruf kuwa ka cire maƙalawar yau. Nan gaba idan irin wannan ya shigo, ka danne saƙon da yatsa, ka taɓa alamar kwandon shara, ka zaɓi gogewa ga kowa. Admin yana da wannan dama na kusan kwana biyu, amma ka yi cikin mintuna, domin wanda ya ɗauki hoton allon wayarsa ko ya tura wani wuri gogewarka ba ta kai gare shi. A makon jarrabawa ka saita guruf ɗin yadda admin kaɗai ke iya turawa, ka sabunta mahaɗin gayyata, ka kunna tantance sabbin shiga. Wanda ya sake turowa bayan gargaɗi ka fitar da shi. Kada ka manta saƙon da aka maƙala yana nuna wanda ya maƙala shi, kuma Najeriya tana da dokar satar jarrabawa tun 1999 wadda hukuncinta ya kai ɗauri, ban da korar da makaranta ke yi.

Wani abin da ba ka tambaya ba. Shugaban aji yana cikin waɗanda 'yan damfara ke hari. Za a kira ka da murya mai ladabi a ce za a sa ka a wani taro na intanet, an turo maka lamba shida ka karanto. Wannan lambar mabuɗin WhatsApp ɗinka ce, da ka faɗa sun ƙwace, su shiga roƙon kuɗi da sunanka a wurin 'yan aji. Kada ka ba kowa, kuma ka kunna matakin tsaro na biyu da lambar sirri. 

Kuma tunda 'yan mata za su riƙa tuntuɓarka kan takardu saboda muƙaminka, ka mayar da amsar cikin guruf gwargwadon iko, ka rufe hirar keɓe ta dare. Ƙarfe goma sha ɗaya na daren jarrabawa ba lokacin riƙe waya ba ne ma, ka kashe data bayan Isha'i ka bar ƙararrawar Asuba kawai.

Allah ne mafi sani.