Shimfiɗa soso a cikin silin: zai rage zafi da kuɗin wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni magidanci ne a Gusau, gidan nawa ne, ɗaki uku da falo, rufin kwano da silin roba. Daga watan Maris har faɗuwar damina ɗakunan ba sa shiguwa, ko da tsakar dare silin huci yake yi. Maiɗakina ta haihu kwanan nan, jaririyar ba ta barci, ƙurajen zafi duk sun feso mata. Na sa esi a ɗakinsu, amma kuɗin wuta da na man janareta sun fara fin ƙarfina. Wani mai aiki ya ce in tara tsofaffin katifu da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji, ya shimfiɗa mini a saman silin da kuɗi kaɗan. Wani kuma ya ce audugar gilashi zan sa, wato zaren gilashi mai kama da auduga da ake tare zafi da shi, amma farashinta ya tsorata ni. Kuɗin zai dawo kuwa, ko zuba su zan yi a rijiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya raya jaririya, Ya ba mai jego lafiya.

A irin gidanka, na ƙasa mai rufin kwano, ga esi yana aiki, kuɗin yana dawowa. Yawancin zafin da ke damunku daga sama yake saukowa. Da tsakar rana kowace murabba'in mita ta rufi tana karɓar kusan wat 1,000 na hasken rana, kwanon kan haura digiri 60, silin roba kuwa ɗan siririn abu ne da ba ya tare komai. Esinka yana kwashe zafi, rufi yana zubo masa wani.

Ka yi lissafin da kanka, kada ka bari mai sayarwa ya yi maka. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar masu Band A, wato rukunin da aka ce ya fi samun wuta, yunit ɗaya ya haura naira 200. A ce esinka yana shan yunit 8 a rana, ka ga kusan naira dubu 50 ke nan a wata. In gyaran rufi ya rage maka kashi ɗaya cikin huɗu, ka tsira da wajen dubu 12 a wata, a watanni biyar na zafi dubu 60. Misali ne na ba ka, ka duba mitarka ka sa naka adadin. Sai ka raba kuɗin aikin da abin da ka samu, ka ga shekara nawa zai ɗauka. In da janareta kake kunna esin, abin ya fi saurin dawowa, domin wutar fetur ta fi ta mita tsada nesa ba kusa ba. Ɗakin mai jego kaɗai za ka fara yi, ba dole sai gidan duka ba.

Wanda ba shi da esi, fanka kawai yake kunnawa, shi ba zai ga ragi a kuɗin wuta ba, barci zai saya. Ɗan haya kuma, ko wanda ke ƙasan bene da rufin kankare a samansa, ya riƙe kuɗinsa ya nemi labule mai kauri da rumfa ga tagar da ke kallon yamma.

Yanzu ga maganar soso, wadda ita ce ta sa na ɗauko tambayarka a kan sauran. Kada ka yarda. Ko kyauta ya ce zai yi maka, kada ka bari ya hau.

Kusan kullum sai wani ya zo mini da wannan dabara, kuma hujjar iri ɗaya ce: ai da soso ake lulluɓe kular ƙanƙara, ga shi ƙanƙara tana kwana. Gaskiya ne soso yana tare zafi, babu mai musu. Amma cikin kula babu wayar lantarki. Cikin silinka kuwa nan ne duk wayoyin gidan suke bi, kuma ni da kai mun san yadda ake wayarin a garuruwanmu: waya tsirara a kan katako babu bututu, mahaɗa an murɗe da hannu an naɗe da baƙin salatif, wayar ma wani lokaci ba ta kai kaurin da aka rubuta a jikinta ba. Waya mai ɗauke da esi tana ɗumi, iskar da ke kewaye da ita ce ke sanyaya ta. Ka binne ta cikin abin da ke riƙe zafi, ka hana ta numfashi. A ƙa'idar wayarin ta Ingila, wadda masu aikinmu suke koyi da ita, wayar da abin tare zafi ya lulluɓe gaba ɗaya tsawon rabin mita ko fiye, rabin ƙarfinta kawai ake lissafa mata. Wa ya taɓa jin mai shimfiɗa katifa ya yi wannan lissafi?

Farin soson kwalin firji yana da nasa sharrin daban. In ya daɗe yana taɓa rigar waya, yana tsotse sinadarin da ke sa robar laushi, sai ta bushe ta riƙa tsagewa. Na taɓa hawa silin wani gida da aka kira ni saboda warin ƙauri da suke ji in an kawo wuta. Da na haska tocila, sai ga soson ya narke ya manne a jikin waya kamar cingam, na ɗaga shi rigar wayar ta biyo shi, jan ƙarfen yana ƙyalli. A gefe ɓeraye sun yayyaga katifar sun yi gida, sun gwaigwiye wata wayar. A ƙasan wurin daidai gadon yara yake. Maigidan yana tsaye a ƙasa yana tambayata ko a ƙara masa wani soson, tunda ɗakin ya yi sanyi.

Shi soson katifa in ya kama, ba ya jiran kowa. Yana ci da sauri, yana ɗiga da wuta a jikinsa, hayaƙinsa baƙi ƙirin ɗauke da gubar kabon monoksaid da sayanaid. Silin roba kuma narkewa yake ya zubo. Masu barci hayaƙin ne ke gamawa da su tun wutar ba ta iso ba, ga tagoginmu duk da ƙarfen tsaro. A watan Yunin 2017 dogon benen Grenfell da ke Landan ya ƙone, mutum 72 suka mutu. Daga firji wutar ta tashi a hawa na huɗu, amma abin da aka lulluɓe ginin da shi ta waje, falle mai roba a ciki da soson tare zafi a bayansa, shi ya kai ta har ƙoli. Can ke nan da ake da masu duba gini da motocin kashe gobara a kusa. Mu nan wa zai leƙa cikin silinka? Takardar izinin gini ana biyan kuɗinta, amma ban taɓa haɗuwa da jami'i a saman silin kowa ba. Duk wanda ya mallaki tsani da guduma ya zama gwani, ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya, in abu ya faru a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma raƙumin ma an ce a ɗaure shi. Gudun gara ne wannan a faɗa gidan zago.

Abin da za ka yi, ka fara da mai araha. A wanke kwanon a shafa masa farin fenti na rufi, kuma a riƙa ɗauraye ƙurar hunturu kafin bazara, don ƙura tana kashe farin. A buɗe ƙofofin iska a ɓangarori biyu na rufin, a sa musu raga saboda jemagu da ɓeraye. Kafintoci da yawa suna toshe wurin ruf, iska mai zafi ta rasa hanyar fita. Sannan audugar gilashi ko ta dutse, kaurin santimita 5 zuwa 10, a kan silin. Su ba sa ba wuta abinci. In silin robar ba zai ɗauki nauyi ba a ƙara katako. Amma kafin a shimfiɗa, mai wayarin na ƙwarai ya sa wayoyin cikin bututu, ya ɗaga su su bi ta saman audugar, ya mayar da kowace mahaɗa cikin akwatinta. Mai shimfiɗawa ya sa safar hannu da takunkumi, tana ƙaiƙayi, kuma mai jego da jaririya su koma wani ɗaki ranar. In takardar alminiyam mai ƙyalli aka kawo maka, sai an bar mata sarari tsakaninta da kwano, fuskar mai ƙyallin tana kallon ƙasa, in ba haka ba ƙura ta rufe ta a shekara guda.

Ka kuma tuna abin tare zafi ba ya ƙirƙirar sanyi, yadda yake hana zafi shiga haka yake hana shi fita. Kakanninmu masu soro da azara sun san haka, shi ya sa suke fitowa tsakar gida da dare. Ranar da babu wuta, a buɗe tagogi bayan isha'i a sa gidan sauro, a rufe su da hantsi. In kuma akwai tsohon silin asbesto a wani ɗakin, kada a fasa shi ko a yanka, ƙurarsa tana lalata huhu. A bar shi yadda yake a shimfiɗa a kansa.