Ƙanena ya hau babbar ƙungiyar ƙwallon kwando a matsayin mai rarraba ƙwallo: ta yaya za mu gane ko zai kai labari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Shari'a Mansur a Makka nake rubuto maka. Ƙanena ɗan shekara 19 ne, bana aka ɗauko shi daga ƙungiyar matasa aka kai shi babbar ƙungiyar ƙwallon kwando. Lamba ɗaya yake bugawa, wato mai rarraba ƙwallo. Sun yi wasa takwas, ana ba shi minti goma zuwa sha biyu, da ƙyar yake cin maki huɗu, ga yawan zubar da ƙwallo, alhali a matasa shi ne tauraro. Mahaifinmu ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, ya haƙura ya riƙe karatu kawai. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A gaida Baba. Gaskiyarsa ce, akwai alama tun da wuri, sai dai ba a takardar maki ake ganin ta ba, musamman ga lamba ɗaya.

Ga misalin 'yan lamba ɗaya uku. Steve Nash, da ya shiga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1996, minti goma da rabi yake samu a wasa, yana cin maki uku da ɗoriya, kusan irin lissafin ƙanenka. Shi ne kuma aka zaɓa gwarzon ɗan wasan gasar a 2005 da 2006. Chauncey Billups, ƙungiyar Boston ta ɗauke shi na uku a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1997, ba ta bari ya ƙarasa kakar farko ba ta tura shi Toronto, ya yi ta yawo har ya ɗauki kofi da Detroit a 2004. Ga kuma Michael Carter-Williams, wanda a wasansa na farko a 2013 ya ci maki 22, ya ba da ƙwallo 12 aka ci, ya ƙwace tara, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na kakar, amma daga nan bai ƙara gaba ba, domin jifansa daga nesa bai taɓa gyaruwa ba. Ban kawo su don in ce duk wanda ya fara da rauni zai zama Nash ba. Yawancinsu ba sa zama. Abin nufi shi ne wasa takwas ba ya yanke hukunci ko ta wane ɓangare.

Wannan matsayi ya fi kowanne jinkirin nuna. A matasa gudu ya ishe shi. Yanzu sai ya tsallake rabin fili cikin daƙiƙa takwas wani ƙato na danne shi, ya tuna tsarin koci, ya san wane ne hannunsa ya yi zafi, kuma a yi jifa kafin daƙiƙa 24 ta cika. Akwai ma wani abin da ya shafi yaranmu musamman. Yaron da aka tarbiyyantar a kan kada ya ɗaga wa babba murya, yau shi ake so ya daka wa ɗan shekara talatin tsawa ya ce masa koma can. Da yawa a nan suke maƙalewa, ba a ƙwarewa ba. Ka lura ko yana magana a fili, yana nuni da hannu, ko kuwa shiru yake yi ya miƙa ƙwallo ga duk babban da ya harare shi.

Zubar da ƙwallon da ya dame ku kuwa, iri biyu ne, kuma a nan nake so ka fi zura ido. Hau saman benci ka ɗauki wasan da waya yadda fili duka zai fito, ku zauna ku kalla tare. Idan ya hango abokinsa a kusurwa babu mai tsaronsa, ya wurga, amma aka tare saboda ya makara da ƙiftawar ido ko bai sa ƙarfi ba, wannan ba ya tayar mini da hankali ko kaɗan. Idon ya gani, hannu ne bai cim masa ba, kuma hannu yana koyo. Wanda ke ba ni tsoro shi ne yaron da kansa ke sunkuye yana kallon ƙwallo, ko ya kutsa cikin mutum uku ya yi tsalle sannan ya fara tunanin wa zai ba. Kamar direba ne a cunkoson Ramadan kusa da Harami: nagari motoci uku na gaba yake karantawa, ba wadda ke bakin hancinsa ba. Sannan ka duba ko kuskuren wasa na biyu shi ne dai na wasa na takwas. Idan kurakuran suna sauya kama, yaron na koyo. Lissafin da akan bi shi ne ƙwallo biyu da ya bayar aka ci a kan kowace ɗaya da ya zubar, amma ba na neman haka daga sabon shiga kafin ƙarshen kaka.

Sai ka kalli abin da yake yi idan dogon ƙungiyarsu ya zo ya yi masa shinge. A kan wannan dabarar yawancin harin zamani ya ginu. Yana jira shingen ya kafu, ya bi ta kafaɗar dogon, ko yana tashi tun kafin ya iso? Yana sauya gudunsa kamar mai sauya giyar mota, ko kullum a guje yake? Idan mai tsaro ya bi ta bayan shingen ya ba shi fili, yana jefawa ko yana jin tsoro?

Wannan ya kawo mu jifa, inda ba na sassauci. Kada ka auna shi da jifan maki uku tukuna, layin na da nisan mita 6.75, kuma 'yan jifan da ya yi ba su isa hujja ba. Jifan kyauta da ake ba wanda aka yi wa ƙeta ya fi faɗin gaskiya, tunda babu mai tsaro, babu uzuri. Ni a wurina, idan a atisaye yana zura bakwai zuwa takwas cikin goma, kuma salon hannunsa iri ɗaya ne kullum, nesa za ta zo. Idan rabi yake ci, to aiki na gaggawa ya same shi. Haka hannun hagu: ƙungiyoyi na kallon bidiyo, a zagaye na biyu kowa zai tura shi ɓangaren da ba ya so.

Batun mintuna, ka sa a rai cewa ƙungiyoyin Saudiyya kan ɗauko ƙwararru daga waje, kuma sau da yawa ƙwallo a hannunsu take zama. Minti goma ga ɗan 19 ba wulaƙanci ba ne. Tambayar ita ce waɗanne mintuna. Idan koci na sa shi wasa na da zafi, ko ya ɗora shi a kan mai rarraba ƙwallon abokan hamayya, ya yarda da shi. Tsaro ne ke fara saya wa yaro wuri a fili.

Ya rage kallon guntayen bidiyon NBA, ya nemi cikakkun wasannin gasar kofin Asiya da aka yi a Jidda a watan Agustan 2025, wadda Ostareliya ta ɗauka. Dokokinsu irin nasa ne. Karatu kuma bai kamata ya tsaya ba, a nan ina tare da Baba ɗari bisa ɗari. Ku roƙe shi ya ba yaron kaka biyu. Idan bayan nan jifa ya yi kyau amma ido bai buɗe ba, ku tuntuɓi koci a gwada shi a lamba biyu, wato matsayin da aka fi dogara da shi wajen jifa.