Amsa ga mai tambaya kan gwajin nisan sigina

Ɗan'uwa, ka ce ƙaramin jirgin samanka yana amsa rimot lafiya lau a tsakar gida, kana tambaya ko sai ka yi gwajin nisa kafin ka tashe shi. Eh, sai ka yi. Risiba ita ce na'urar da ke karɓar siginar rimot a cikin jirgi, kuma wadda wayar eriyarta ta tsinke ta ciki ma za ta ji ka daga taku biyar. Sai jirgi ya yi sama ya yi nisa asirinta ke tonuwa.

Ga yadda muke yi a nan Birnin Kebbi. Ka fara kunna rimot, sannan ka jona batirin jirgi. Ka ɗora shi kan bencin katako, kada ka ajiye shi a ƙasa, don ƙasa tana shanye sigina. Yawancin rimot masu 2.4 GHz suna da tsarin rage ƙarfi saboda wannan gwajin. A rimot ƙirar Spektrum, ƙa'idar taku 30 ce, kusan mita 28. A ƙirar FrSky kuwa tsarin yana mayar da nisan kashi ɗaya cikin 30. Ka kunna tsarin, ka tafi taku 30 ɗin nan kana motsa sandunan rimot, abokinka yana kallon fukafukai da jela. Motsin ya zama santsi. In suka yi rawa, ko suka tsaya sannan suka zabura, to ranar babu tashi.

Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne su gwada fuska ɗaya su ce shi ke nan. Abokin ya juya jirgin: hanci, jela, hagu, dama. Sau da yawa za ka ga komai daidai, amma da batir ko inji ya shiga tsakaninka da eriya sai sigina ta ɗauke. Ƙarfe da sandar kabon ma suna tarewa. Shi ya sa risiba mai eriya biyu ake shimfiɗa ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye. Kuma ba duk wayar ce eriya ba, ɗan tsiraicin nan ne na ƙarshe, kusan milimita 31. Na sha buɗe jirgin wani in tarar an lanƙwashe wurin an naɗe shi da salatif a jikin batir, wai don tsafta!

Bayan haka sai a riƙe jirgin gam, hannu nesa da farfela, a ba shi wuta a sake gwajin. Nan ne wata matsalar ke fitowa wadda ake ɗora wa sigina alhali ba laifinta ba ne: idan sarbo, wato ƙananan injinan da ke motsa fukafukai da jela, duka suka ja wuta lokaci guda, ƙarfin da ke zuwa risiba ya faɗi, sai ta mutu ta sake tashi. Daƙiƙa biyu a sama ba wasa ba ne. In ka ga haka, wutar risibar za ka gyara.

Kada ka nuna jirgi da tsinin eriyar rimot kamar mai saita bindiga. Ta gefe take aikawa da ƙarfi, tsinin ne mafi rauni.

Sai tsarin ko-ta-kwana, wato abin da jirgi zai yi idan sigina ta yanke. Cire farfela, ba inji wuta kaɗan, kashe rimot. Injin ya tsaya. In ya ci gaba da gudu, ranar da sigina ta yanke sai dai ka bi sawunsa cikin shinkafar fadama.

Ni dai ina maimaita gwajin ga sabon jirgi, bayan kowace faɗuwa ko da ƙarama ce, da duk lokacin da na sauya fili, musamman kusa da turken sadarwa. Kuma ka tabbata ka fita daga tsarin rage ƙarfi kafin ka jefa shi. Wajen Ambursa kuwa kada ma ka fara, filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yana can. In za ka iya, turo hoton yadda ka shimfiɗa eriyarka mu duba.